Yadda Kalmar DA Ta Kai Ni Kano

Na daɗe ina juya maganar rubuta wannan labari a raina. Sau da yawa na ɗauki biro na ajiye. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan wutar lantarki, wani ya karanta ya je ya gwada ya ji ciwo, alhakin ya hau kaina. Amma tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, “Isiyaku, wai me ya kai ka har Kano, kai da ko Gwaram sai an ja ka?” Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowane lokaci ina ƙara wani abu ko in rage wani. Wannan ma ya dame ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru. Inda na yi kuskure a yafe mini, a kuma gyara mini.

Ni mai gyaran rediyo ne da tocila da cajar waya a Farin Dutse. Ina da yaya mace, Yaya Talatu, wadda ta goye ni bayan rasuwar Innarmu. Ita ke kula da rijiyar burtsatsen unguwarmu tun ranar da aka haƙa ta, domin gidanta ne ya fi kusa. A rijiyar akwai injina biyu. Akwai famfon da ke can ƙasa, wanda ke aiki da farantan sola yana cika tanki. Akwai kuma ƙaramin injin da ke tura ruwa zuwa lambuna, shi da janareta yake aiki. Kowannensu yana da makunni irin na da, mai hannu, wanda ake ɗagawa a sauke kamar wuƙa.

Makunnin janareta ba shi da fitina. In an kashe shi sai ya yi ɗan tartsatsi, tas, ya yi shiru. Na sola ne abin tsoro. In Yaya ta ja shi da tsakar rana bayan tanki ya cika, sai wata shuɗiyar wuta ta biyo wuƙar, tana miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, tana huci, kafin ta tsinke. Na sha tsayawa daga nesa ina kallon wannan wutar. Tana da kyau, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Wata rana a ƙarshen damina wutar ba ta tsinke da wuri ba, ta lashi bayan yatsun Yaya. Fatar ta tashi. Ta shafa zuma ta ɗaure da tsumma, washegari na same ta a gaban makunnin.

Na ce, “Yaya, don Allah ki bar wa wani wannan aiki.”

Ta ce, “Wa zan bar wa? Kai da sai ka yi alwala kafin ka taɓa batirin tocila?”

“Ko ma wane ne.”

“Ko ma wane ne shi ba hannu gare shi ba? Matsa mini, mata na jiran ruwa.”

A ranar na yi wa kaina alkawari cewa hannunta ba zai ƙara kusantar babbar wuta ba. Na san rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke umarta ya kunna babba, don ina ganinsa a cikin kayan da nake gyarawa. Na kuma taɓa jin cewa akwai wani iri wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, babu tartsatsi, kuma ɓangaren da mutum ke taɓawa ba ya haɗuwa da ɓangaren babbar wuta ko da waya ɗaya. In na samu wannan, Yaya za ta danna maɓalli mai batirin tocila kawai. Na ɗauki hoton rubutun jikin farantan da na akwatin famfo a wayata, na auna wutar da mitata safe da rana, na sake aunawa don ban yarda da idona ba. Yaya ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda, ta ce, “In ka ɓata, ka ce kai ƙanin Talatu mai ruwa ne.”

Babur na hau zuwa Gwaram. Mai babur ɗin ya ce in daina riƙe masa riga haka, zan shaƙe shi. A tashar Gwaram na shiga motar Birnin Kudu, aka matse ni tsakanin wani dattijon Bafulatani da buhun barkono. Dattijon da ya ji sana'ata sai ya zaro rediyo daga cikin riga ya ɗora mini a cinya. Na ɗan kankare masa tsatsar wurin batir da farce, rediyon ya kama, amma da ƙarfinsa duka, maɓallin rage murya ya ƙi juyawa. Haka muka tafi da wa'azi yana cika motar, barkono yana sa kowa atishawa, dattijon yana sa mini albarka.

Ni kuwa hankalina ya tafi kan wayoyin lantarki da ke bin gefen hanya. Suna sauka, suna hawa, suna sauka, kamar suna numfashi. Tsuntsaye na zaune a kansu ba abin da ya same su. Na yi ta tunanin yadda abu ɗaya ke ɗaukar tsuntsu lafiya ya kuma ƙone hannun mace mai ba mutane ruwa. Ina cikin wannan tunani barci ya ɗan fizge ni, na ga Yaya zaune a kan waya tare da tsuntsayen, tana lilo da ƙafa, tana tsince shinkafa a faranti. Atishawa ce ta tashe ni.

A Birnin Kudu na sauka gidan Alhaji Ɗanlami direba, mijin 'yar kawunmu, mai jigilar fasinja zuwa Kano. Tun da ya auri 'yar'uwata bai taɓa kirana da sunana ba.

“A'a, Malam Fargaba! Wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu, Alhaji.”

“To me ya fito da kai daga rami? Ka kulle shagon kuwa? Ka tabbata? Ko mu koma mu duba?”

Ya san abin da ya yi. Sai da na kira maƙwabcina ya je ya girgiza kwaɗon kafin na iya cin abinci. An kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da rana tsaka. Mu a gida tuwo na dare ne da ɗumamen safe, da rana fura ce ko dambu, amma na ga su ba su ɗauki hakan wani abu ba. Masaukina ɗakin zaure ne da Alhaji ke ajiye tayoyi. An shimfiɗa mini katifa a tsakiyarsu, ko'ina warin roba, ta taga kuma ana hango manyan duwatsun garin a kan juna kamar wani ne ya jera su ya ce zai dawo.

Da la'asar Alhaji ya kai ni shagon Malam Nasiru mai kayan sola. Mutum ne mai gaskiya. Da na faɗa masa abin da nake nema, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya ce, “Akwai waɗannan, sun zo mini cikin kaya. Ni sayar da su nake yi, ban taɓa haɗa ko ɗaya ba.”

Na ɗauki guda. Ɗan akwati ne da bai cika tafin hannu ba, da kusoshi huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, bayansa ƙarfe mai sanyi. Na girgiza shi a kunne, ba abin da ya motsa. A fuskarsa akwai rubutun Turanci da ban iya karantawa ba, amma a ƙarshen layin farko, bayan wata lamba, na ga haruffa biyu manya da na sani tun aji ɗaya: DA.

Na tsaya ina kallonsu. Ni injina biyu gare ni, wuta iri biyu. Wutar sola da wutar janareta. Wannan da wancan. Ga shi kuma an rubuta a jikin abin, ɓaro-ɓaro, DA. Sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, kamar tun daga ƙasar da aka ƙera shi an san da zuwana.

Na ce, “Malam Nasiru, ka ga abin da aka rubuta? Yana ɗaukar wannan da wancan ke nan.”

Ya karɓa ya duba, ya ce, “Ikon Allah. Ashe masu ƙera kayan ma sun fara jin Hausa.”

Alhaji ya ce, “Ku biyun nan kun dace da juna.”

Na saya. Da wani ne, da washegari ya kama hanyar gida. Amma ni ban taɓa ba mutum rediyonsa ban kunna na kashe na sake kunnawa ba. Washegari da hantsi na roƙi Alhaji ya ara mini batirin motarsa da ƙwan fitilar gaba guda ɗaya, tunda wutar batir ita ce irin ta sola. Na haɗa su ta kusoshin sama a tsakar gida. A kusoshin ƙasa na haɗa batiran tocilata. Na yi bismilla na taɓa waya.

Fitilar ta kama. Ba ƙara, ba tartsatsi, kawai ta buɗe ido. Matar Alhaji ta bar wanke-wanke ta zo kallo. Na ɗauke wayar don ta mutu.

Ba ta mutu ba.

Na sake taɓawa na ɗauke. Tana nan. Na kwance batiran tocilar gaba ɗaya, na zuba su a aljihu, na taka har bakin zaure na waiwayo. Fitilar tana ci a tsakiyar rana, ita kaɗai, ba mai umartarta, kaji na zagaya ta.

Alhaji ya ce, “Malam Fargaba, ka sayo ɗan'uwanka baƙon ƙauye. Ya san hanyar shiga gida, bai san ta fita ba.”

Suna dariya, ni kuwa idona yana kan fitilar. Abin da nake gani ba fitila ba ce. Tanki nake gani ya cika yana ambaliya, Yaya tana danna maɓalli abin ya ƙi, ta waiwaya ba kowa, ta miƙa wannan hannun mai tsumma ta kama wayar sola don ta fizge. Na san ta, za ta yi. Da na kai wannan abu gida, da na cire mata makunni mai cizo na ba ta wanda ya fi shi.

Muka koma wurin Malam Nasiru. Ya ce zai karɓi kayansa, amma shawararsa in je Kano kasuwar Sabon Gari in nemi wani Baba Sande, wurinsa masu gyaran inbata suke sayayya. Na ce zan riƙe rilen in nuna wa Baba Sande, don in san laifin wane ne, nawa ko na rilen. Alhaji dama yana lodin Kano, ya ba ni kujerar gaba.

Ban taɓa fita daga Jigawa ba sai ranar. Na zaci iyaka wani abu ne da ake gani, ko ƙofa ko ganuwa. Ashe gonar dawa ce a wannan gefe, gonar dawa a wancan. Abin da ya nuna mini mun zo wani wuri shi ne shingen masu binciken motoci. Wani ma'aikaci ya leƙo, ya ga yadda na rungume jakata, ya ce in buɗe. Ya ɗago rilen da wayoyi na reto a jikinsa, ga batiran tocila a gefe.

“Malam, mene ne wannan?”

Ni ban iya ƙarya ba, kuma in na tsorata gaskiya takan fito mini a karkace. Na ce, “Ranka ya daɗe, abu ne da ake tayar da babban abu da shi daga nesa, ba tare da mutum ya kusanci wurin ba.”

Fasinjoji duk suka juyo suna kallona. Ma'aikacin ya ja da baya taku ɗaya. Na ga abin bai yi daɗi ba, sai na ƙara bayani: “Amma wannan in ya tashi ba ya tsayawa.”

Alhaji ya dafa goshi. Ya fito daga mota ya ce, “Yallaɓai, famfon ruwa yake nufi. Ƙanin matata ne, daga Farin Dutse. Wannan da kake gani ko kiyashi ya taka sai ya koma ya ba shi haƙuri.” Aka sa na nuna hotunan farantan sola da tanki, har da hoton hannun Yaya. Ma'aikacin ya daɗe yana kallon wannan hoton. Ya mayar mini da wayar ya ce, “Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam, in an sake tambayarka, ka ce kayan famfo ne, ka yi shiru.”

Daga nan har gadar Wudil fasinjoji ba su bar ni ba. Wata Hajiya a baya tana ta cewa, “In ya tashi ba ya tsayawa! Yau mun ga ikon Allah.” Ni dai na juya ina kallon kogin, da masu wanki a bakinsa ƙanana kamar an zuba wake a tabarma.

Kano ta ruɗa ni, amma ba girmanta ba ne ya fi damuna, gaisuwarsu ce. A gida in ka je sayen allura sai ka tambayi iyali da gona da gajiyar jiya. A Sabon Gari na tsaya gaban wani mai shago na fara, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kafin in kai ga yaya aka ji da zafi ya sallami mutum biyu ya kuma amsa waya. Suna cin abinci a tsaye. Kuma kowa Alhaji yake ce mini. “Alhaji, me kake nema? Alhaji, zo ka gani.” Na yi ta tsayawa ina gaya musu cewa ban je ba tukuna, muna dai fata, har Alhaji Ɗanlami ya ja hannuna ya ce in na ci gaba da gyara wa Kano magana za mu kwana a nan.

Baba Sande dattijo ne Inyamuri, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Shagonsa ɗan lungu ne cike da ƙananan aljihunan katako har rufi. Na ba shi rilen, na faɗa masa duk abin da ya faru, har da yadda na karanta DA. Ya cire tabarau. Ya fara dariya a hankali, ta yi ta ƙaruwa har ya kama gefen tebur yana share hawaye.

“Wannan da wancan! Kai, ɗana, tun ina saurayi nake sayar da kayan nan, ban taɓa ganin wannan kalma a jikinsu ba sai yau. Yanzu kuma ba zan daina ganinta ba.”

Da ya huce ya ba ni benci. Ya ce haruffan biyu ba kalma ba ce, kowanne ƙofa yake gadi. Na farko, D, yana faɗin irin wutar da ke ba da umarni, wato wutar batir. Na biyu yana faɗin irin wutar da ake umarta. In A ne, to wutar janareta ce ko ta layi. In D ne kuma, wutar batir ce ko ta sola. Famfona na sola DD yake so.

Na ce, “To Baba, me ya sa ya kunna fitilar ya ƙi kashewa? Ai wuta wuta ce.”

Ya ce, “A bakinku ne take ɗaya. Ka taɓa kallon mata suna daka?”

“Kullum.”

“In mai daka tana son juya hatsi, yaushe take sa hannu a turmi?”

“In taɓarya ta tashi sama.”

“To wutar janareta daka take yi. Ta sauka, ta tashi, ta sauka, ta tashi, da saurin da ido ba ya gani. Wannan mai DA ba shi da ƙarfin ture taɓarya. Wayo gare shi. In ka ce ya saki, sai ya jira ta ɗaga, ya zare hannunsa. Wutar sola kuwa ba ta ɗagawa. Dannewa take yi kamar an ɗora dutse. Shi kuma yana nan yana jiran ta ɗaga, har tashin duniya.”

Sai shuɗiyar wutar nan ta faɗo mini a rai, na tambaye shi ko dalilinta ke nan. Ya ce shi ne. Tartsatsin janareta yana mutuwa da kansa a duk ɗagawar taɓarya, na sola ba shi da wurin mutuwa, shi ya sa yake bin wuƙa. Ya ce makunnin da aka sa wa Yaya tun farko ba na wannan wuta ba ne.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne rabuwar ɓangarorin biyu. Na ce ban gane yadda umarni zai tsallaka ba tare da waya ba, kuma abin da ban gane ba ba zan sa hannun yayata a kai ba. Ya dube ni, ya jawo wani mataccen rile daga kwandon shara, ya ɓalle murfinsa da sukundireba, ya kankare baƙin danƙon ciki har wani ɗan abu ya bayyana, bai fi ƙwayar wake ba.

Ya ce, “A cikin wannan akwai ɗaki. A bango ɗaya fitila, a ɗaya bangon ido. Tsakaninsu ba komai sai abin da wuta ba ta bi. In yayarka ta danna, fitilar ta kama, idon ya gani, ya gaya wa babbar wuta ta wuce. Kana da suruka?”

“Ina da ita.”

“Kuna gaisawa da hannu?”

“Subhanallahi, Baba.”

“Amma in ta ɗaga gira daga can ƙarshen tsakar gida, ka san abin da take so?”

“Na sani.”

“To shi ke nan.”

Na riƙe ƙwayar a tafin hannuna. Ya ce hasken ma ba irin wanda idon mutum ke gani ba ne. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa da ni. Na yi ta tunanin wannan ɗaki da ba a yi masa ƙofa ba, da fitilar da ba wanda zai taɓa ganin haskenta sai ido ɗaya tak, suna fuskantar juna tun ranar da aka rufe su. Sai da Baba Sande ya taɓa kafaɗata ya ce, “Ɗana, dawo, ba mu gama ba.”

Ya karɓi wayata ya duba hotunan. Ya tambayi abin da mita ta nuna, ya ce ba na lokacin da famfo ke aiki yake so ba, na lokacin da yake a kashe, domin a nan wutar farantan take hawa ƙarshenta. Da na ba shi duka biyun ba tare da na yi tunani ba, ya ce, “Tsoronka ya yi rana.” Ya zaɓo DD wanda lambar jikinsa ta wuce tawa da nisa, ya ce ba a saye daidai wa daida, domin inji yakan ja wuta da yawa a lokacin tashi. Ya haɗa mini da wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi da za a ɗaura rilen a kai don ya sha zafinsa, da farin man da ake shafawa tsakaninsu. Ya ba ni dayod, ya nuna mini yadda zan juya shi, ya ce in an kashe inji yakan yi harbi baya kamar jaki, wannan ne ke tare harbin. Daga ƙarshe ya ɗora bireka, wato makunnin da ke yanke wutar gaba ɗaya, ya nuna mini alamar wutar batir a jikinta, layi miƙaƙƙe da ɗigo-ɗigo a ƙasa, saɓanin ta janareta mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji.

Ya ce, “Rile na aikin kullum ne. Amma ko a kashe yake yana ɗan yoyo. Duk ranar da za a sa hannu a waya, a sauke bireka tukuna. Mai DA kuma kar ka yar, ka kai wa injin janareta, can ne gidansa.”

Ya ga ina kallon kwanon abincinsa ina ɗauke kai, ya ce, “Na san irinku. Bi nan, akwai Hajiya mai gurasa.” A nan na fara cin gurasa da ƙuli da yaji da man gyaɗa. A tsaye na ci, kamar ɗan gari, ina jin kunya.

Da na dawo Farin Dutse na yi aikin a hankali, bayan na lulluɓe farantan da tabarmi na kuma cire wayarsu. Na sa komai a akwatin ƙarfe a inuwar tanki. Maɓallan biyu, na famfon sola da na injin janareta, na kafa su can jikin katangar gidan Yaya, da siririyar waya da batiran tocila. Ina aiki ina ba ta labarin taɓarya. Ban kai ƙarshe ba ta ce, “To ai wannan kowace mace ta sani. Sai da ka je Kano?”

Da safe ta zo. Ta naɗe hannunta da gefen mayafi kamar yadda ta saba, ta karkata fuska gefe, ta danna. Ba ƙara. Can sai muka ji ruwa ya fara zuba cikin tanki. Ba wannan nake jira ba. Na zauna a gindin katanga har rana ta take, har tanki ya fara tsiyaya ta bututun sama.

Na ce, “Yaya, kashe.”

Ta danna. Ruwan ya yi ɗis, ɗis, ya tsaya.

Ta ci gaba da tsayawa da fuska a karkace, tana jiran shuɗiyar wutar. Da ta ga shiru ta juyo.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya.”

Ta warware mayafin ta dubi yatsunta, inda sabuwar fata ta fito ja. Ta ce, “To ni ban ji na yi komai ba.” Ta sake kunnawa ta kashe, ta kunna ta kashe. Ta ce in ba ta tsohon makunnin, yanzu yana rataye a bakin madafarta tana sagale ludayi a hannunsa.

Ta daina naɗe hannu. Ni ne ban daina zuwa da tsakar rana in ɗora tafin hannuna a jikin akwatin in ji zafinsa ba. Domin akwai tambayar da na manta ban yi wa Baba Sande ba, sai a hanyar dawowa, a gadar Wudil, ta faɗo mini, kuma Alhaji ya rantse ba zai juya mota ba. Komai yana da ranar mutuwarsa, har fitilar da ke cikin wancan ɗaki. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa sa rile mai DD a famfon sola har ya ga ƙarshensa, ya sanar da ni: in zai mutu, a kashe yake mutuwa ko a kunne? Yana ba da wata alama kafin ranar? Kuma yana jure zafin bazara irin namu na Gwaram, ko sai na ƙara masa fanka? Na nuna wa Yaya bireka, na sa ta yi mini alkawarin ita za ta sauke in maɓalli ya ƙi, amma na san ta da gaggawa in mata suna jira. Wanda ya sani ya aiko da saƙo ta bakin direbobin Gwaram, a ce a kai wa ƙanin Talatu mai ruwa. Hannun da ke danna maɓallin nan shi ya ɗaure ni a baya ina jariri, ina so in riga wutar sanin ranar.